Tsakanin Ƙyama da Haramci

Kakanninmu sun san tafiya iri-iri, kuma kowace iri tana da sunanta a bakin jama'a da hukuncinta a wurin malamai. Akwai fatauci, wanda ya kai Bahaushe Gwanja neman goro. Akwai almajiranci, wanda ya kai shi gabas da allo a hammata. Akwai hajji, wanda a zamanin jaki da raƙumi mutum kan fita dominsa yana saurayi ya komo da furfura, in Allah ya nufe shi da komowa. Akwai ci-rani, akwai kuma hijira, wadda ta fi su duka ɗaci. Amma a ce mutum ya tara kuɗinsa na halal, ya yi sallama da iyalinsa, ya ƙetare ƙasashe da tekuna, alhali ba shi da hajar da zai sayar, ba shi da malamin da zai durƙusa a gabansa, iyakar nufinsa ya ga yadda wani gari yake, ya ɗanɗana abin da mutanensa ke ci, sa'an nan ya juyo gida, to, wannan baƙon al'amari ne a gare mu, ko da yake yanzu mun saba da jin sunansa, wato yawon buɗe ido.

A nan Kontagora ta wayar hannu baƙon ya shigo mana. Yaranmu sun daɗe suna kallon wasannin kwaikwayon Koriya ta Kudu, ƙasar da a da ba mu san ta ba sai ta sunayen da ke jikin motoci da talabijin, irin su Hyundai da Samsung, har ta kai ga akwai ɗalibin da ya san fasalin gadojin birnin Busan da bakin tekunsa, alhali bai taɓa tsoma ƙafa a ruwan Yawuri ba. Daga kallo sai sha'awa, daga sha'awa sai tambaya, tambayar kuwa da nake ji daga bakinsu kashi biyu ce: shin ya halatta ga Musulmi ya yi irin wannan tafiya, kuma in ya je, me zai sa a bakinsa a garin da ake cin kifi ɗanye? Amsar da suke yawan samu ita ce "haramun ne," a gaggauce, ni kuwa ina ganin wannan amsa ta fi nuna gajiyar mai amsawa a kan hukuncin shari'a.

Game da tafiyar kanta, duk wanda karatunsa ya kai Muhtasar na Shehu Halil ya san cewa a inda ya yi maganar ƙasaru ya fitar da mutum biyu daga wannan sunna, ko da tafiyarsu ta kai mil 48 ɗin da aka sharɗanta: mai tafiyar saɓo, da mai tafiyar lahawu. Masu sharhi suka bayyana cewa na farkon an hana shi, na biyun kuwa karhanta masa aka yi, kuma misalin da suka saba kawowa shi ne mai farauta don nishaɗi kawai. Wato fuƙaha'unmu ba su haramta tafiyar nishaɗi ba, sai dai sun ga ba ta kai matsayin da za a rage wa mai ita salla ba. A ɗaya ɓangaren kuma Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, wani wurin a duba yadda aka fara halitta, wani wurin a duba yadda ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe ya kasance. Imamu Gazali ma, wanda ya rasu a 1111, da ya zo ladubban tafiya a cikin Ihya, ya lissafa fita don ganin ayoyin Allah a duwatsu da tekuna da dabbobi da tsirrai a cikin nau'o'in tafiyar neman ilmi. Saboda haka mutum biyu suna iya zama kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, su sauka a masauki ɗaya, ɗayansu yana cikin lahawu, ɗayan yana cikin i'itibari.

Za a ce niyya ce ta raba su, kuma gaskiya ne, amma niyya abu ce mai araha a baki, babu wanda zai tsaya a gaban mahaifinsa ya ce wargi zai kai shi Koriya. Ni ma'aunin da na fi amincewa da shi yana cikin abin da ya faru a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biyo ta Hijir, kufan Samudawa, inda gidajen da suka sassaƙa a jikin duwatsu suke nan har yau. Ya hana sahabbansa shiga sai fa in suna masu kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Wannan hukunci na wurin da azaba ta sauka ne, ba a yi masa ƙiyasi da kowane gari, amma ladabin da ke cikinsa na ko'ina ne: kada ka kalli bangon mutane alhali zuciyarka ba ta san abin da ya sami masu bangon ba. Hijir ɗin nan tun 2008 aka sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, motocin baƙi suna ta kai da kawowa, kowa da abin ɗaukar hotonsa.

To, mu auna Busan da wannan ma'auni. Birni ne na biyu a girma a ƙasar, mai mutum fiye da miliyan 3, a matse tsakanin tsaunuka da teku a ƙuryar kudu maso gabas, kuma tashar jiragen ruwansa ita ce mafi girma a ƙasar. Abin da baƙi suka fi rububin gani shi ne unguwar Gamcon, inda ƙananan gidaje suka hau jikin tsauni hawa-hawa, an shafe su da fenti shuɗi da rawaya da ja tun daga 2009. Mai lahawu zai tsaya ya ɗauki hoto ya wuce. Mai i'itibari kuwa zai tambaya me ya sa mutane suka bar fili suka maƙale a gangare, sai a gaya masa cewa da yaƙi ya ɓarke a watan Yuni na 1950, kafin wata uku sojojin Koriya ta Arewa sun mamaye kusan dukan ƙasar in ban da wannan ƙurya, Busan ya zama hedkwatar wucin gadi, 'yan gudun hijira dubun dubata suka kwararo, suka kafa bukkoki da katako da kwali da gwangwani a duk inda ƙafa za ta iya tsayawa. A wata unguwa da ake kira Ami, a kan maƙabartar Japanawa suka yi gini, har yau ana ganin duwatsun kaburbura da rubutunsu a harsashin gidaje da matakalai. A cikin birnin kuma akwai maƙabartar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Turkawa fiye da 400 suke kwance, kuma daga limaman rundunar Turkiyya ɗin nan ne Musulunci ya sake tsira a ƙasar a tsakiyar shekarun 1950, har aka gina babban masallacin Seul a 1976, aka gina na Busan a 1980. Na ce ya sake tsira, domin tun ƙarni na 9 Ibn Hurdazbih ya ambaci ƙasar da sunan Sila, ya ce Musulmin da suka shiga cikinta sukan zauna saboda kyawunta. Wanda ya tsaya a kan waɗannan kaburbura ya yi wa 'yan'uwansa addu'a, ya kuma tuna cewa ƙasar da ta kwana da yunwa a 1953 ita ce yau take sayar mana da mota, ban ga dalilin da zai sa a kira tafiyarsa wargi ba.

Maganar abinci ita ta fi bukatar zama, domin a nan ne ido yake yaudarar mai shi. Babbar kasuwar kifi ta birnin ana ce mata Jagalci, mata ne kuma ƙashin bayanta tun zamanin yaƙi, lokacin da ciyar da gida ya komo wuyansu. A ƙasan ginin akwatunan gilashi da robobi ne jere, ruwan teku yana kwarara cikinsu ta tiyo yana malala a daɓe, shi ya sa masu sayarwa suke sanye da takalman roba har gwiwa. Mai saye ya nuna wanda yake so da yatsa, a kamo shi, a auna, a biya, sa'an nan a hau da shi bene inda masu girki suke, su yanka shi sala-sala, a ci ɗanye da kwaɓaɓɓen barkono mai tsami, a naɗe a ganye, kai da ƙayar kuwa a yi romo mai yaji da su. Ban da kifin da muka sani, ga ƙaguwa mai faɗin faranti, ga jatan lande, ga wata tsutsar teku mai kauri tana kumbura tana sacewa, ga kuma wata halitta marar ƙashi mai hannuwa takwas, wadda suke kira nakji, tana laluben bakin roba tana neman hanyar fita. Bahaushen da ya fara ganin wannan, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne a'uziyya.

Alhali kuwa a mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta aka yaye mu, babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya haramta. Dukan abin da ke rayuwa a ruwa halal ne ba tare da yanka ba, ko da an tsince shi matacce, ko da yana daɗewa a tudu, irin su kwaɗo da kififiya da kada. Hujjar Malikiyya ita ce ayar da ke cikin Suratul Ma'ida wadda ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda masu shiga jirgin ruwa suka tambayi alwala da ruwan teku, aka amsa musu da tsarkin ruwan, aka ƙara musu da halaccin mushensa ba tare da sun tambaya ba. Akwai kuma labarin rundunar Abu Ubaida, mutum 300, waɗanda guzurinsu ya ƙare a gaɓar teku har suka koma cin ganye, sai teku ya jefo musu wata ƙatuwar dabba matacciya, suka yi kwanaki suna ci, da suka komo Madina kuwa Annabi ya tambaye su ko da saura, aka kawo, ya ci. Hanafawa ne suka taƙaita halacci a kan kifi kaɗai, saboda haka in ka zauna da Baturke ko mutumin Pakistan ya janye hannunsa daga ƙaguwa, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka bar shi ya hana ka. Kowa yana kan turbar malamansa.

Haɗarin yana can inda ido ya sami natsuwa. Abincin da mutanen Busan suka fi alfahari da shi wani romo ne fari, mai kauri, da aka daɗe ana tafasa ƙashi a cikinsa, a zuba shinkafa, a watsa ganyen albasa, a kawo shi yana tiriri a kasko, wanda duk ɗan Kontagora da ya gan shi a daren sanyi zai rantse farfesun ƙashin sa ne. Sunansa duweji gukbab, naman alade ne tsantsa. Haka nan dafaffen kifin da ya fi kama da namu, sau da yawa da 'yar giyar girki ake kashe masa ƙarni, ga kuma barasar da suke kira soju, wadda a al'adarsu in babba ya zuba maka karɓa da hannu biyu shi ne ladabi. Ido a wannan kasuwa mugun mufti ne, yana haramta abin da Allah ya halatta don muninsa, yana halatta abin da ya haramta don kamarsa da na gida. Abin da ya wajaba a kan matafiyi shi ne tambaya da baki, kafin ya zauna: me aka sa a romon, da me aka dafa.

A nan ne ya kamata mu rarrabe tsakanin abubuwa biyu da muka daɗe muna cakuɗawa, wato ƙyamar ɗabi'a da haramcin shari'a, kuma babu inda aka rarrabe su sarai kamar a ɗakin Uwar Muminai Maimuna. An kawo gasasshen damo, Annabi ya miƙa hannu, sai mata suka ce a gaya masa abin da zai ci, da aka gaya masa ya janye. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, aka amsa masa da cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo akushin gabansa ya ci, Annabi yana kallonsa. A duba fa, mafificin halitta, wanda in ya ce a bari an bari ke nan har tashin ƙiyama, bai tilasta wa kansa cin abin da ransa ba ya so ba, bai kuma mayar da ƙyamarsa doka a kan al'umma ba, bai tashi daga wurin ba, bai yamutsa fuska ga mai ci ba. Ya ambaci dalilinsa da sunansa na gaskiya, wato sabo da rashin sabo. Mu kuwa da yawanmu, in ranmu ya ƙi abu, sai mu ji nauyin cewa "ban saba ba," mu ruga mu ɓuya a bayan "babu kyau," alhali jingina wa Allah haramcin da bai saukar ba laifi ne da Alƙur'ani ya yi kashedi a kansa da kakkausan lafazi, daidai da yadda ya yi a kan halatta haram.

Manyan malamai ma ba su tsira daga wannan jarrabawa ba. Ibn Baɗuɗa, alƙali ne Bamalike, wanda ya ci abincin Indiya da Sin, amma da ya iso Walata a 1352 aka karɓe shi da dakakken gero da nono da 'yar zuma, abin da mu za mu sha mu yi hamdala, sai ya raina liyafar da masu ita, har ya yi tunanin juyawa. Duk lokacin da na tuna da wannan sai in ji haushinsa, sa'an nan in tuna cewa mu ma haka muke yi wa wasu. Muna toshe hanci in an ambaci waken suyan da mutanen Koriya suke ruɓarwa wata da watanni a manyan tuluna don miya, alhali ranar da ake buɗe daddawar kalwa a unguwa babu wanda yake bukatar a yi masa sanarwa. Muna cin fara soyayya da yaji, kuma Malikiyya sun halatta ta in an kashe ta da niyya da bisimilla. Tarwadar nan da muke sayowa banda, a naɗe kamar gammo, wadda babu miyar da ba ta gyarawa, haramun ce a wurin Yahudawa da mabiya mazhabar Ja'afariyya saboda ba ta da ɓawo.

Akwai dai wuri ɗaya da zan tsaya in ja layi, kuma ba don ƙyama ba. Nakji ɗin nan ana daddatsa shi da ransa, a kawo shi a faranti da man riɗi, gutsattsarinsa suna ta motsi suna manne wa harshe, wasu ma ƙaraminsa suke haɗiyewa ɗungum, har akan sami wanda ya shaƙe ya mutu. Akwai kuma wani dogon kifi mai yauƙi da ake feɗe shi da rai a aza a wuta yana murɗawa. Zatin naman halal ne, wannan babu jayayya a wurinmu, amma cewa dabbar ruwa ba ta bukatar yanka bai zama izinin azabtar da ita ba, domin umarnin kyautatawa da ya zo a hadisi, na a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, illarsa ita ce jin zafin mai rai, kuma masu binciken halittu sun tabbatar da cewa wannan mai hannu takwas yana cikin mafi wayon halittun ruwa. Da ni ne, sai in ce a kashe shi tukuna, a dafa mini. Amma kafin mu zargi matan Jagalci, sai mu tsaya a bakin titin da ya ratsa garin nan mu dubi kajin da ake ratayawa kai ƙasa a bayan babur, da shanun da ake cusawa a tirela zuwa kudu, wuyansu a karkace, kwana da yini babu ruwa.

Wannan ne ya komo da ni gida, domin mafi yawan masu tambayar nan ba za su taɓa ganin Busan ba, amma mas'alar tana jiransu a nesan da bai wuce kuɗin mota ba. Muna da namu tekun. An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya hau ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya haɗiye tsibirai da gonaki da kaburburan kakannin Gungawa da Busawa da Kambari, aka kwashe mutane dubun dubata zuwa sababbin gidajen da gwamnati ta gina musu. Wutar lantarkin da muke kuka da ƙarancinta, da wannan aka saye ta. Wanda ya shiga kwalekwale daga Yawuri yana sane da cewa a ƙarƙashinsa akwai garuruwa, ya zauna da Sarkawa ya ga yadda suke fitar da giwan ruwa da karfasa da kurungu, ya ga yadda ake shanya warangi, ƙananan kifayen nan da suka yawaita bayan tafkin ya cika har ake auna su da mudu, ya sami irin abin da mai tsayawa a gangaren Gamcon zai samu, in dukansu sun buɗe zuciya. Mutanen Busan ma suna da irin wannan ƙaramin busasshen kifi, da shi suke ɗaura romonsu.

Abin da ya fi nauyi kuwa ya fi haka kusa da mu. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu, ya kafa garin nan a 1864 a tsakiyar ƙasar Kambari, kuma ba asiri ba ne cewa daga zamaninsa zuwa na ɗansa Ibrahim, wanda Turawa suka ci garin a hannunsa a 1901, hare-haren kamun bayi sun yi wa ƙauyukan Kambari da Gwari da maƙwabtansu mummunar ɓarna. Takobi ya koma kube tuntuni, amma raini bai gama fita daga akushi ba. Ana samun ɗan birni da yake sayen dawar Bakambare da masararsa kowace ranar kasuwa, yana karɓar canji daga hannunsa, amma in dare ya riske shi a ƙauyensu aka kawo masa tuwo sai ya ce ya ƙoshi, in ka matsa masa ya ce tsantseni yake yi, alhali mai gidan watakila ya riga shi zuwa sahun asuba, domin Kambari da Dukawa a yau akwai Musulmi a cikinsu, akwai Kirista, akwai masu riƙe da addinin gargajiya. Ko da ma mai gidan ba Musulmi ba ne, an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi alwala da ruwan tulun wata Banasariya, kuma iyakar abin da aka umarci sahabi Abu Sa'alaba da shi game da tukwanen waɗanda suke dafa alade suna shan giya, in bai sami wasu ba, shi ne ya wanke su ya ci a ciki. Tambayoyin da shari'a ta ɗora wa baƙo a irin wannan gida biyu ne, su ne kuma waɗanda ta ɗora masa a Busan: naman nan na mene ne kuma wa ya yanka, abin da ke cikin ƙwaryar nan kunu ne ko burkutu. In an amsa masa waɗannan, tuwon dawa da miyar kuɓewa babu babin da ya hana su, tun daga Ishmawi har Muhtasar.